Makunnin da ke bayan talabijin

Da na bar makunnin nan a kunne, da na ji muryarsa? Shekara nawa ke nan ina juya wannan tambaya. Na yi wa malamai ita, na yi wa wanda ya haɗa na'urar da hannunsa, na yi wa kaina a kan sallaya. Malamai suka ce ajalinsa ne ya cika, kuma na yarda, ban taɓa ja ba. Amma ni ba ajalin nake tambaya ba. Muryar nake tambaya, ko da ta minti ɗaya ce.

Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Wadda ke rubuta wannan 'yata ce, ta uku a ɗakina, kuma ita ce na bi har Kuala Lumpur don in yi mata wankan jego. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara don ta rufa min asiri. In na tsaya ina kuka ta jira ni.

Mijinta malami ne a wata jami'a a can, aikinsa kwamfuta da layukan da ke haɗa su. Dakta nake ce masa in dole ta kama, don ba na faɗar sunan suruki. Da cikinta na fari ya tsufa, aka ce ba za ta iya hawa jirgi ta dawo Kano ba, ni ce zan je. Na ƙi. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da Malam, maigidana, ban taɓa yin wata guda ban ɗora masa tukunya ba. Ga hawan jini, ga shi ba ya shan magani sai na tsaya a kansa. Gyaran keken ɗinki yake yi a ƙofar gida, in ya duƙa a kan keke har abinci mantawa yake.

Shi ne ya tura ni. Ya ce, "Yarinya za ta haihu a cikin mutanen da ba su san kunun kanwa ba, ke kina nan kina gadin kwalbar magani? Tashi ki tafi." Dakta kuma ya aiko ta bakin matarsa cewa kullum zan yi magana da Malam, ba fashi. A kan wannan alkawari na hau jirgi.

A hawa na goma sha ɗaya suke, cikin wani dogon gini a unguwar Taman Melati. Ta taga ina ganin jirgin ƙasa yana wucewa a kan ginshiƙai, sama da kan motoci, can bayansa duwatsu kore shar. Kwanana shida da sauka ta haihu, namiji. Na je da kanwa da yaji da gero. Ganyen darbejiya ne na yi zaton zai gagara, sai ga shi ɗauri-ɗauri a wurin wata Ba'indiya a kasuwa. Tukunya biyu nake dafawa a kan gas, in juye a babbar roba cikin banɗakin da bai kai akurkin kaji ba, safe da yamma. Maƙwabciyarmu, 'yar ƙasar, takan ga tururi ta yi dariya, ta nuna bakinta ta ce, "Makan?" wato ko na ci abinci. Da hannu muke hira.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, kuma a nan wahalar take. A Kano suruka da suruki sai su yi wata ba su haɗu ba. Nan kuwa in na fito alwala sai na yi tuntuɓe da takalminsa. Muka daidaita abinmu ba tare da an zauna an tsara ba. In ya shigo falo, na koma kicin. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Umma, an tashi lafiya?" in ce, "Lafiya lau," ina kallon bango. Duk abin da ya wuce haka ta bakin yarinyar yake bi, ko da kuwa muna jin tarin juna.

Wayar gidan ba ta da igiya. 'Yar baƙa ce, ana ajiye ta a kan wani ɗan teburi kusa da kicin ta sha caji, a ɗauke ta a shiga da ita duk inda ake so. Malam ba ya ƙona katinsa. In ya dawo daga sallar asuba sai ya yi filashin, ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru, yarinyar ta danna min a kira shi. Asubarsu ita ce azahar ɗinmu, don mun riga su da awa bakwai. Mukan yi rabin awa. Ya ba ni labarin telan da ya kawo keke yana rantsuwa bai taɓa komai ba, alhali ga sawun sukundireba. Ni in tambaye shi magani, ya ce ya sha, in ce ya girgiza kwalbar in ji ko ta ragu.

Abin da ban sani ba shi ne wayar nan ba ta da rai nata na kanta. Tana da uwa, ɓoye a bayan talabijin, haɗe da wani farin akwati mai ƙahoni biyu da 'yan fitilu. Rauta suke ce masa. Ta cikinsa intanet ke shigowa gidan, ta intanet ɗin kuma muryar Malam ke zuwa, shi ya sa kiran ke da araha. Ni na ɗauka akwatin na kwamfutar Dakta ne kawai, tun da shi kaɗai nake gani durƙushe a gabansa.

Wata Asabar bayan suna ya shigo da wani ɗan abu kamar babban yatsa, mai sim a ciki, ya soka a jikin akwatin. Ina kicin ina tankaɗe, ban ga komai ba, ji kawai nake yi. Rabin maganarsa Turanci ce. Abin da zan kawo nan yarinyar ce ta cike min daga baya.

"Zo ki gani," ya ce mata. "Kore, muna kan layin ƙasa ke nan. To bari in zare shi. Ƙirga."

"Ni da jego zan tsaya ina ƙirga maka fitila?"

"Ƙirga dai mana."

Ta kai talatin da wani abu, sai na ji ya tafa. "Ruwan ɗorawa! Kin gani? Ya koma kan sim da kansa, ba wanda ya taɓa shi."

Ya yi mata bayani. Wai akwatin ba ya barci, bayan 'yan daƙiƙu sai ya ƙwanƙwasa wata ƙofa can nesa ya ji ko za a amsa. In ya ƙwanƙwasa sau uku shiru, ya san layin ƙasa ya mutu, sai ya koma na biyu. In na farkon ya farfaɗo, ya dawo masa. Bayan haka kwamfutarsa ta ofis tana leƙo gidan kowane minti, tana rubuta abin da ta gani, in ta ga duka biyun sun mutu ta aika masa saƙo a wayar hannu.

"To in sim ɗin ma ya mutu fa, Dakta?"

"Ba za su mutu tare ba. Ɗaya ta ƙasa yake bi, ɗaya ta iska."

"Wallahi ka fi kula da akwatin nan a kan ɗanka."

"Shi ɗana masu gadinsa biyu ne. Wannan ni kaɗai gare shi."

Ta shigo kicin tana dariya ta ce, "Umma, ya ce ki kwantar da hankalinki. Yanzu layi biyu ne da mu, in ɗaya ya mutu na ko-ta-kwana zai ɗauka. Wayar Baba ba za ta taɓa yankewa ba." Na ce Allah ya yi masa albarka. Ban tambayi inda layukan suke ba.

Sai ruwa. Ban taɓa ganin garin da sama ke buɗewa kusan kullum kamar wannan ba. Rana tana tsaka da ƙuna, kafin la'asar sai duwatsun nan su ɓace, gari ya yi baƙi, tsawa ta fara. A hawa na goma sha ɗaya tsawa ba daga sama take zuwa ba, a gefenka take fashewa, gilashin taga yana rawa.

A gidanmu na Kano, wata damina, hadari ya taso aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi. Talabijin da firji da rediyon Malam suka ƙone lokaci guda, warin roba ya kwana uku a ɗaki. Tun daga ranar ta zama doka, hadari na tasowa a kashe komai daga bango. Ba ni kaɗai ba, duk matan layinmu haka suke yi, yaro ma ya sani. To ga ni baƙuwa a gidan suruki, ga kaya masu tsada, shi yana wurin aiki, matarsa na barcin jego. In suka ƙone ina zaune ina kallo, da wace fuska zan amsa gaisuwarsa? Na leƙa bayan talabijin na ga makunni ɗaya a bango, duk igiyoyin daga jikinsa suke sha. Na danna. Fitilun akwatin suka mutu, hankalina ya kwanta. Da ruwa ya ɗauke na sake dannawa, na goge ƙurar wurin.

Haka na riƙa yi kullum. Ban faɗa wa kowa ba, don ba abin faɗa ba ne. Wa ke zuwa ya ce ya rufe tukunya? Yarinyar ta ce in bari ta sa wannan: sau biyu ta fito shan ruwa ta gan ni duƙe a wurin, ta ɗauka talabijin kawai nake kashewa. Kiran Malam kuwa kullum kafin ruwa yake zuwa, ba abin da ya taɓa shi.

Dakta ne ya shiga uku. Kullum da yamma saƙo ya shigo masa a ofis cewa layi biyun sun mutu tare, abin da ya rantse ba zai faru ba. In ya dawo gida ya tarar da fitila kore tana masa murmushi. Ina jin sa a falo yana faɗa da kamfanin layi cikin Turanci. Suka turo ma'aikaci ya bi igiya tun daga ƙasan gini, bai ga komai ba. Ya canza sim ɗin zuwa na wani kamfani. Ya sayo doguwar igiya ya rataye ɗan yatsan nan a jikin taga don ya fi samun iska. Ya rage lokacin da akwatin ke jira kafin ya koma layi na biyu, ya ga ba sauyi, ya sake ƙarawa. Ni ina kicin ina tausaya masa, ina cewa a raina aikin boko ma da wahala.

Wata rana bayan magariba na ji ya ce mata, "Tambayi Umma, tun da ita ce a falo lokacin ruwa, wace kala fitilar take nunawa? Kore ko ruwan ɗorawa?"

Taku biyar ne tsakanina da shi. Ta leƙo kicin ta maimaita. A raina na ce, wace fitila kuma, abin da yake a kashe? Amma na ga in na faɗi haka zai sake tambaya, ita ta sake kawowa, in sake amsawa, magana ta yi tsawo tsakanina da suruki har ta zama hira. Kuma na ɗauka ya sani, tun da shi ma ɗan Kano ne, uwarsa ma haka take yi. Sai na ce, "Ki ce masa ban lura ba."

Rubuta shi haka. Ban lura ba. Abin da na ce ke nan.

Ranar da jego ya kwana talatin da uku, azahar ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Na yi salla na dawo, shiru. Na sa yarinyar ta kira, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake, haka. Ta ce, "Umma, ƙila ya bar ta a ɗaki ya tsaya hira a masallaci. Kin san Baba." Na san shi, shi ya sa gabana ya faɗi. Bai taɓa fashi ba. Ta shayar da yaron, barci ya ɗauke su. Ni na ɗauki wayar na zauna da ita a falo.

Wajen ƙarfe uku gari ya rufe. Irin hadarin ranar ban taɓa gani ba, ko a can. Walƙiya ɗaya ta haska falon kamar an kunna ashana a idona. Na miƙe, wayar na hannuna na hagu, na duƙa bayan talabijin na danna makunni da na dama. Na koma kujera na ɗora ta a cinyata.

Awa uku ina zaune da ita. Fuskarta na da haske, don tana da batirinta. Na ga wani rubutu yana zuwa yana ɓacewa a jiki, na duba shi da kyau, na juya ta, na sake dubawa. Daga baya aka ce min cewa take ta rasa uwarta, tana nema. Ni ban iya karatu ba. Na yi tunanin in tashi yarinyar ta duba min, na tuna yaron bai bar ta ta runtsa ba, na ce bari ta huta. Na yi la'asar wayar na gefen sallaya. Ina ta cewa a raina, layi biyu ne, in ya kira za ta shigo.

Sai wajen shida ruwan ya tsagaita. Na kunna makunni, na ɗora ruwan wankan yamma.

Ana kusa da kiran magariba aka buɗe ƙofa. Dakta ne, jiƙe sharkaf, bayansa mata biyu daga unguwar Danau Kota, matan abokan aikinsa 'yan gida, waɗanda suka zo mana suna. Ba su kawo komai a hannu ba. Wannan na fara gani. Mace ba ta zuwa gidan jego cikin ruwa hannu sake. Na juya zan shige kicin kamar kullum, sai babbar cikinsu ta riƙo hannuna ta ce, "Hajiya, zauna." Dakta bai wuce ɗaki ba. Ya durƙusa a tsakiyar falo, a gabana, kansa a ƙasa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

"Sai haƙuri, Hajiya," in ji matar. "Malam lokaci ya yi."

Na ce, "Wane Malam?"

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ce musu ruwa na kan wuta, zai ƙone. Na ce ai jiya muka yi magana. Na ce a kira shi. Ihun yarinyar daga ɗaki ne ya sa na gane da Hausa aka yi min maganar. Kafin mu kwanta an riga an kai shi, an dawo. Ni ina wata duniya, a saman gini, da zanen da na yi wankan jego da shi a jikina. A nan na shiga takaba.

Abin da aka gaya min a ranar kaɗan ne. Malam ya faɗi a hanyar dawowa daga masallaci, ƙanensa ya kai shi asibiti. An nemi Dakta, yana ɗakin jarrabawa wayarsa a kashe, sai da ya fito ya kira aka gaya masa an gama. Lambar wayar hannun yarinyar ba wanda ke da ita a gida, tun da ta gidan ake kira kullum. Na ɗauka daga faɗuwar bai sake farfaɗowa ba. Da wannan na kwana uku, kuma da sauƙi.

Ranar uku ƙanen Malam ya kira ya yi min gaisuwa. Muka yi kuka tare. Sai ya ce, "Yaya, wallahi mun yi iya ƙoƙarinmu. Da ya farfaɗo ke ya fara nema."

Na ce, "Ya farfaɗo?"

"Ya farfaɗo mana. Tun wajen takwas da rabi har kusan goma yana magana sarai. Ya ce a kira ki, kada a yi filashin, a kira sosai. Na sa kati na ƙara sayo wani ko da na farkon ne bai isa ba. Wayarku ba ta shiga. Yana cewa, sake gwadawa, surukina ya ce layinsu ba ya mutuwa. Ya ce akwai abin da zai ce miki da bakinsa, ku yafe wa juna. Na ce ya faɗa min in isar, ya ce a'a, ba da aike ake wannan ba."

Na miƙa wa yarinyar wayar. Na ce mata, "Takwas da rabi na Kano ƙarfe nawa ne a nan?"

Ta ce, "Uku da rabi, Umma."

Ko a lokacin ban haɗa ba. Ina ta cewa, ai tana cinyata, ai tana cinyata, ba ta yi ƙara ba.

Dakta ya ji duk abin da aka ce. Tun ranar rasuwar bai ci abincin kirki ba, don da ya kunna wayarsa a bakin ɗakin jarrabawa saƙo biyu ya tarar, na gida Kano da na kwamfutarsa mai cewa layi biyu sun mutu. Ya ɗora wa kansa laifin. Da baƙi suka ragu bayan la'asar ya zauna a ƙasa gaban akwatin da kwamfutarsa. Ina ɗakina, ƙofa a buɗe. Ya daɗe yana dubawa. Sai na ji ya kira matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Jiya an yi ruwa. Shekaranjiya ma an yi. Ban sami saƙo ko ɗaya ba."

"To ai ya gyaru ke nan."

"Ban taɓa komai ba. Jiya layin ƙasa ya faɗi, sim ya ɗauka cikin rabin minti, yadda na tsara. Duba nan. Wannan wurin yana nuna tun yaushe akwatin yake a kunne. Ban taɓa dubawa ba, layi kawai nake bi. Kwana uku ya nuna, daga ƙarfe shida na yammar ranar rasuwar. Ni rabona da kashe shi tun ranar da na sa sim." Ya leƙa bayan talabijin. "Ba layi ne ke mutuwa ba. Wuta ake yanke masa. Wa ke taɓa makunnin nan?"

Na san ta tuna ta gan ni duƙe a wurin.

Na tashi da hijabin takaba na fito falo. Sama da kwana arba'in a gidan ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Ya zabura zai miƙe. Na dube shi a ido na ce, "Ni ce."

"Umma..."

"Ni ce nake kashewa in hadari ya taso. Kada kayanka su ƙone. Wayar a jikin makunnin take?"

Ya kalli matarsa, kamar ita za ta isar masa da amsa. Na ce, "Ni za ka gaya wa."

Ya ce, "A jikinsa take, Umma."

Na zauna a ƙasa inda nake. Na kalli hannuna na dama kamar na wata. Shekara talatin hannun nan yana yin abu ɗaya ana ce masa sannu da ƙoƙari. Dakta yana ta magana, yana kuka, babba da shi. Laifinsa ne, bai nuna min ba. Da ya liƙe makunnin da salatif. Da ya raba musu soket. Ya yi tanadin mutuwar layin ƙasa, ya yi na mutuwar sim, bai yi na bango ba. Sati uku yana zagin kamfani, bai taka taku biyar ya tambaye ni da bakinsa ba. Na ce ya tambaya, ni ce na ce ban lura ba.

Sai na yi masa tambayar. Na ce, "Ka gaya min tsakaninka da Allah. Da na bar shi a kunne, da ta shigo?"

Na ga yana so ya ce a'a, don ya sauke min. Na ce kada ya yi min ƙarya ina cikin takaba. Ya share fuska ya ce layin ƙasa kam ya faɗi a ranar, duk ginin ya faɗi, ya tambaya. Saura sim. Ya ce wani abokinsa a Danau Kota wayarsa ta yi aiki har aka gama ruwan. Maƙwabciyarmu kuma, mai kamfani ɗaya da sim ɗinmu, ta ce tata ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo. Ya ce, "Da akwatin na kunne da ya rubuta, da na karanta miki minti-minti. Amma a kashe yake, bai rubuta komai ba. Ban sani ba, Umma. Ba wanda zai sani."

Na gode masa da bai yi min ƙarya ba. Daga ranar muke magana ni da shi, baki da baki, har yau. Mutane a gida suna mamaki, wasu na ganin rashin ta-ido ne. Ban taɓa yi musu bayani ba.

Na ƙarasa wankan, don yarinya ba ta yi laifin da za a bar ta da ɗanyen jiki ba. Sauran kwanakin in hadari ya taso sai in shige banɗaki in rufe ƙofa, in zauna a kan robar wanka in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya har ya wuce. Na yafe wa Malam, na faɗa a sallaya, na faɗa a kan kabarinsa ta bakin 'ya'yansa maza. Ban san abin da yake ganin ya yi min da har yake neman yafiya ba. Ni ce ma ke da abin roƙo, shekara arba'in da ɗaya ba a rasa ba. Ya tafi bai ji na roƙa ba.

Maganarmu ta ƙarshe ta ranar da ta gabata ce, kuma ko minti goma ba mu yi ba. Yana ba ni labarin wata mata da ta kawo keken kakarta, ya buɗe ya tarar da gidan zanzaro a ciki. Yana dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Sai yaron ya callara kuka a ɗaki, uwarsa na banɗaki. Na ce, "Malam, tsaya, ina zuwa," ya ce a'a, in ajiye kawai, kada kuɗin surukinsa ya tafi a banza. Ina tsaye da wayar a kunne, ƙafata ɗaya ta riga ta nufi ɗaki. Na ji ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce:

"Je ki wurin sabon mijin naki, ga shi can yana kira. Ni tsohon na iya jira."